Girkin Mutum Shida a Ɗakin Baba Tikiti

Ranar da naman Baba Tikiti ya riga shi sauka daga bene, ina zaune a bakin ƙofata ina farke wani siket da na ɗinka a karkace. Saboda haka ba labari aka ba ni ba, da idona na gani, kuma duk wanda ya ce na ƙara gishiri ya zo mu haɗu.

Ƙofarsa tana kallon tawa, a hawa na uku. Ya fito rungume da tukunyarsa ta lantarki, ya naɗe ta da tawul saboda zafi, igiyar wutar tana jan ƙasa a bayansa kamar jelar ɓera. Zai kai wa mutanen hawa na biyu rabonsu ne.

Na ce, "Baba, ina za a kai amarya da rana tsaka?"

Ya ce, "Rediyo, ji da ɗinkinki." Haka yake kirana, wai bakina ba ya hutawa.

Bai rufe baki ba silifas ɗinsa ya taka igiyar. Sai ji na yi tim! Tsoho ya zauna daɓas a kan matakala. Bai saki tukunyar ba, amma murfin gilashin ya yi tsalle ya faɗa cikin kwandon ƙyallayena. Ƙwallayen naman da ke ciki kuwa, jama'a, suka ce ga hanya. Suka riƙa gangarawa ɗaya bayan ɗaya, jajaye da miyar tumatir, suna tsalle daga wannan matakala zuwa waccan kamar an tashi 'yan makaranta. Daidai lokacin mai kula da gidan yana hawowa da bokitin ruwa. Ya taka ɗaya, ƙafa ta tafi, bokiti ya tafi, shi ma ya bi su.

Ni dai Allah ya yafe min, na yi dariya har na soke yatsana.

Baba Tikiti ya miƙe, bayan wandonsa jawur, bai kalli kowa ba. Ya ɗauko faranti ya bi benen yana tsince su ɗaya-ɗaya. Da ya dawo sama sai ya ce da ni, fuska a murtuke, "Ɗaya bai dawo ba." Kamar wani fasinja ne ya tsere masa. Washegari aka gano shi a cikin takalmin ma'aikacin bankin da ke hawa na ɗaya, bayan ya riga ya zura ƙafa.

Mai kula da gidan shi kam bai ga abin dariya ba. Yana dafe da ƙugu ya ɗago kai ya ce, "Dattijo, dama ina cike da kai a kan tukunyar nan. Kullum sai ka jona ta ka fice ka bar ta. Wata rana ƙone mu za ka yi. Yau ɗin nan zan kira ɗanka, ya zo ya raba ka da ita."

Baba ya ƙara ƙanƙame tukunyar. A nan dariyata ta tsaya, don na san abin da mai kula da gidan bai sani ba. Bari in koma baya kaɗan.

Sunan Tikiti daga aiki ya samo shi. Tun yana saurayi har gashinsa ya yi fari fat, mai duba tikiti ne a jirgin ƙasa. Dogo ne siriri, tabarau a rataye da zare, rigarsa kullum a ɓalle har wuya ko da zafi zai kashe mutum. Har yau ɗan ƙarfen da yake huda tikiti da shi yana nan rataye a ƙusa kusa da madubi, yana goge shi. An ce ya taɓa sauke ƙanin matarsa a wata tasha cikin daji saboda tikitinsa na jiya ne. Na tambaye shi ko gaskiya ne. Ya ce, "Na ba shi ruwa kafin ya sauka." Irin wannan mutumin ne. Abin da aka rubuta, shi ne.

Matarsa, wadda nake ce wa Goggo, ba ta haɗa komai da shi ba. Gajeriya, ga jiki, ga dariya, in tana soya albasa duk benen sai ya sani. Ni da ita mun ɓata mun shirya ba adadi a kan igiyar shanya. Shi kuwa ko ruwan zafi bai iya dafawa ba, don bai taɓa buƙata ba. Rana ɗaya ta ce kanta na ciwo, aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba.

Da 'yan gaisuwa suka watse, ɗakin ya yi tsit. Ni da nake wuni a bakin ƙofa da keken ɗinki, abin da nake ji daga can bai wuce ƙarar cokali a kofin shayi ba. Burodi da shayi, shayi da burodi, in an yi bajinta a buɗe kifin gwangwani. Na aika masa da abinci sau da yawa. Sai ya dawo da kwanon a wanke, a goge, ya ce, "An gode, amma kada ki riƙa wahalar da kanki." Ramar da ya yi har wuyan rigar nan tasa ya fara yi masa yawa.

Ɗa ɗaya gare su, Injiniya, yana can ɗaya gefen gari da matarsa da 'ya'ya uku. Ba mugun yaro ba ne, kar in ɗauki alhakinsa. Irin mutanen nan ne da kullum waya ke manne a kunnensu, suna gaishe ka suna kallon agogo. Wata rana ya zo da ƙaton kwali ya dire a tebur, ya fito da tukunyar nan. Ina jin sa daga inda nake.

"Baba, wannan ba ta buƙatar kowa. A hankali take dahuwa. Ka zuba komai da safe, ka jona, ka manta da ita, da yamma ka ci."

Ya karɓi wayar tsohon ya buɗe masa wani shafin girki, ya nuna masa inda zai danna. Shayin da aka haɗa masa bai huce ba ya tafi.

Shafin nan na wata mata ne, ba ta da aiki sai tara hanyoyin dafa dunƙulen nama a irin wannan tukunya. Niƙaƙƙen nama ne ake cuɗawa da albasa da ƙwai da garin busasshen burodi, a mulmula shi kamar ƙananan ƙwallaye, a jera a tukunya a zuba miya a kai. Duk mako sai ta gayyato wani baƙo ya rubuta nasa. Kuma babu baƙon da ke zuwa kai tsaye ya ce ga gishiri ga barkono. A'a. Sai ya fara ba ka tarihin kakarsa, da yadda ya haɗu da matarsa, da ranar da firjinsu ya lalace. 'Yata ta ce kowa tsallake wannan surutun yake yi ya gangara ƙasa wurin kayan haɗi.

Ban da Baba Tikiti. Shi daga harafin farko yake farawa. Ya jawo kujera bakin ƙofarsa, ya ɗora tabarau, ya riƙa karanta min da ƙarfi don ya danne ƙarar kekena. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma a sanadinsa na san su duka. Akwai mai 'yan biyu, wadda take zuba jam ɗin inabi na shafa wa burodi a cikin miyar, wai yaranta sun fi ci. Akwai wani ma'aikacin jinya da ke mulmula na mako guda ya daskarar a firji. Akwai wata tsohuwa da mijinta ba haƙori, ita sai ta jiƙa burodin a madara don naman ya yi laushi. Akwai direban babbar mota mai zuba abarba.

Na ce, "Baba, abarba a nama? Wannan baƙon a kama shi a ɗaure."

Ya ce, "Ba a hukunta mutum kafin a ɗanɗana."

Ya dafa. Muka ɗanɗana. Na ce har yanzu a ɗaure shi.

Yadda yake maganarsu sai ka ɗauka 'yan uwansa ne na jini. "Mai 'yan biyu ta yi shiru kwana biyu, Allah ya sa yaran lafiya." A ƙarƙashin kowane rubutu sai ya sa yatsa ɗaya ya rubuta godiya, da cikakkiyar gaisuwa, ya faɗi yadda nasa ya fito. Yawanci babu mai amsawa. Sau ɗaya tsohuwar nan mai burodi da madara ta mayar masa da hoton 'yar jar zuciya. Ya ƙwanƙwasa min ƙofa, ƙofar da take a buɗe.

"Rediyo, wannan me take nufi?"

Na ce, "Baba, aure take so. Jira take marar haƙorin ya kauce."

Ya yi tsaki ya koma. Amma ranar na ji shi yana 'yar waƙa a kicin.

In ka ga yana haɗa girkin nan sai ka rantse jarrabawa zai zauna. In an ce cokali ɗaya, sai ya cika cokalin ya bi samansa da wuƙa ya share. Ƙwallayen naman duk girmansu ɗaya, wanda ya fi 'yan uwansa sai an rage masa. Ya jera su sahu-sahu, ya zuba miya, ya rufe, ya murɗa maɓallin zuwa ƙaramar wuta. Daga nan kuma doka ta fara aiki: ba a buɗe murfi. Duk baƙin nan sun yi ittifaƙi a kan haka. Na taɓa shiga aron almakashi na ɗaga murfin don in leƙa. Wallahi na ɗauka tara zai ci ni.

"Sauke! Duk buɗewa ɗaya, kin mayar da jirgi baya tasha guda."

Matsalar ita ce, kusan duk baƙin nan na mutum shida suke rubutawa. Shi kuwa ba ya ragewa. Tsoho ɗaya, da ciki kamar na tsuntsu, ga tukunya cike fal. Shi ya sa yake bin bene yana rabo, har yaran gidan nan suka fara yin kumatu.

Na ce, "Baba, kai kaɗai ne fa. Raba komai gida shida mana ka ɗauki kashi ɗaya. Ko ni da ban gama firamare ba na san wannan."

Ya ce, "Na mutum shida aka rubuta."

Na bar shi a kan taurin kan ma'aikacin jirgi ne. Sai daga baya na lura, duk ranar hutun mako in ya gama jona tukunya sai ya kira Injiniya. Maganar ba ta canzawa. "Na ɗora na mutum shida. A'a, ba komai, na dai faɗa maka ne. To. To, Allah ya taimaka. A gaida yaran." Ina taka keke na ƙirga da yatsu: Injiniya, matarsa, yara uku, da shi. Tun daga ranar ban sake yi masa wannan tsokanar ba. Na koma wasu, don ba su ƙare min ba.

Babbar cikinsu ita ce ta fitar nan tasa. Da ya jona tukunya sai ya yi wanka, ya ɓalle riga, ya kulle ƙofa ya fice, ba a ganinsa sai rana ta yi sanyi. Mutumin da ya yi ritaya, ba shago, ba gona.

"Baba, wace ce ita? Faɗa min in fara ɗinka kayan biki. Amarya a gida tana dahuwa, kai kana can wurin wata."

Sai ya ce, "Da za a sa wa bakinki maɓalli irin na tukunyar nan, da na murɗa shi zuwa ƙaramar wuta."

Wata rana zik ya ƙare min na tafi saye, hanyar kuwa ta gefen tashar jirgi take bi. Ta cikin shingen ƙarfe na hango shi. Yana zaune a ƙarshen wani benci, shi kaɗai, hannuwa a kan gwiwa, babu jarida, babu abokin hira. Jirgi ya zo, mutane suka sauka, wasu suka hau, ya bi su da ido. Ma'aikatan yanzu duk yara ne, da na'ura suke duba tikiti, ba wanda ya san shi. Na buɗe baki zan ƙwala masa kira in ce ashe wannan ce budurwar, sai na fasa. Na wuce na sayo zik ɗina.

Da yamma ina ji yana hawowa. Na tsayar da keke na yi kamar ina zura zare. A hawa na biyu ya tsaya, ba don gajiya ba. Ƙamshin ya riga ya sauko ya tarye shi: tumatir, tafarnuwa, naman da ya wuni yana nuna. Ya ƙaraso a hankali, ya sa makulli, ya tura ƙofar. Ya tsaya a bakin ɗakin ya lumshe ido ya ja numfashi. Sannan ya yi sallama, da murya sosai, irin ta wanda yake jiran a amsa.

Ya juyo ya ga ina kallonsa. Na ɗauka zai ji kunya. Sai ya ce, "In na zauna a ciki, ni ne na dafa. In na fita na dawo, sai in ji kamar an dafa min." Ya ƙara da cewa, "Goggonki, tun daga hawa na biyu nake sanin abin da ta ɗora."

Ya shiga ya rufe. Ni Rediyo, ranar an ɗauke min wuta.

To ka ji abin da mai kula da gidan yake so a ɗauke. Ya kuwa cika alkawari, ya kira. Injiniya ya aiko cewa yana nan zuwa ranar hutu. Baba ya san dalilin zuwan sarai, amma ya tashi da sassafe ya haɗa na tsohuwar nan mai burodi da madara, wai ƙaramar jikarsa tana famfara, zai yi mata daɗin tauna. Ya aro kujeru biyu a wurina. Ya shimfiɗa ƙyallen tebur na Goggo mai furanni, ya jera faranti shida.

Na ce, "Baba, yau dai ka zauna a gida. Kar ya zo ya tarar da ita ita kaɗai, ka ba mai kula da gida gaskiya."

Ya ce, "Da yamma ya ce zai zo." Ya ɓalle riga ya fice.

Injiniya kuwa da rana ya zo, shi kaɗai, da kwali a hannu. Ya gaishe ni waya a kunne, ya buɗe da nasa makullin. Na bi shi da sauri har da tef ɗin awo a wuya.

"Injiniya, kar ka taɓa ta, ba ta nuna ba."

Ya ce, "Anti, dubi fa. Ba kowa a gidan, abu a jone." Ya fizge igiyar daga bango. Ya ɗaga murfin ya leƙa, tururin ya fice gaba ɗaya. Ya juye naman, rabi ɗanye, a wata roba, ya tura firji. Ya wanke tukunyar, ya buɗe tagogi wai ɗakin ya sha iska. Farantan nan shida suna gabansa, bai tambayi na mene ne ba. Ya zauna yana danna waya.

Na koma kan kekena amma ɗinki ya ƙi. Rana ta yi sanyi, na ji takun Baba. A hawa na biyu ya tsaya kamar kullum. Tsayuwar ta yi tsawo. Da ya ƙaraso yana riƙe da ledar burodi da alewar yara, ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya tura ƙofar ya yi sallama a hankali.

Aka amsa masa. Karon farko tun rasuwar Goggo. Amma ɗakin ba ƙamshin komai sai na sabulun wanke-wanke.

"Ina yaran?"

"Suna da darasi, Baba. Sannu da zuwa. Ya ƙugun? An ce ka faɗi."

"Zama na yi."

Ban san lokacin da na taso na jingina da ƙofarsu ba. Injiniya ya miƙe ya naɗe igiyar a jikin tukunyar ya ɗauke ta zai sa a kwali. Yana yi yana bayani, da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya yi magana da wani gidan abinci, kullum za a riƙa kawo wa Baba a roba har bakin ƙofa. Ba sara albasa, ba wanke-wanke, ba hawa da sauka da kaya mai zafi. A ci a jefar da robar.

Na ce, "Injiniya, tukunyar nan fa kai ka kawo ta. Kai ka ce ba ta buƙatar kowa."

Ya ce, "Anti, don Allah." Ya juya wurin mahaifinsa. "Baba, ka duba maganar da hankali. Ba a barin abu a ɗaki shi kaɗai tun safe har yamma, ba mai leƙa shi, ba mai sanin halin da yake ciki. Komai zai iya faruwa."

Baba Tikiti ya ajiye ledar burodin a kan tebur, tsakanin farantan. Ya ɗora tabarau, ya dubi ɗansa irin kallon da na tabbata ya yi wa ƙanin Goggo a tashar nan ta daji. Ya miƙa hannu biyu ya karɓe tukunyar, Injiniya bai hana ba. Ya mayar da ita gurbinta, ya warware igiyar, ya buɗe firji ya juye naman a ciki, ya rufe, ya jona, ya murɗa zuwa ƙaramar wuta. Sai da 'yar jar fitilar ta kama sannan ya juyo.

"Ashe ka san ba a bari? To ni da ka bari tun rasuwar uwarka, ka ga na kama da wuta? Jawo kujera ka zauna, Injiniya. Ka mayar da ita baya, sai ka jira ta."